KEKE DA KAYA A HANYAR BURJI: DARASI A KAN NAUYI, TSOKA DA GUMI

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanya da safiyar Alhamis, ranar da kasuwar Shinkafi ke ci, ya ga yadda keke ke aikin da jaki ya saba yi. Wannan ya ɗauro buhun gero, wancan jarkoki biyu, wani kuma damin kara ne ya rufe shi har ba a ganin ƙeyarsa. Haka abin yake a hanyoyin da suka fito daga ƙauyukan Moriki da Dauran a ƙasar Zurmi, da waɗanda suka nufi Kasuwar Daji da Ƙauran Namoda. Mafi yawan hanyoyin nan na burji ne ko na turɓaya, kuma sukan ratsa mashigan rafuka masu yashi waɗanda ke malala zuwa gulbin Gagare da na Bunsuru.

Jigilar amfanin gona tsohuwar sana'a ce a wannan yanki. Bayan da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929, an riƙa kwaso gyaɗa da auduga daga ƙauyuka zuwa tasha a kan jakuna da raƙuma. Daga baya keke ya shigo, irin su Raleigh na Ingila da Phoenix na ƙasar Sin, sannan babur ya zo ya ture shi gefe. To, amma an sake kakkaɓe kekuna da yawa. A 2021 gwamnatin Jihar Zamfara ta taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da fetur a jarka saboda matsalar tsaro, sannan a watan Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur, farashinsa ya yi tashin gwauron zabo.

Manufar wannan darasi ita ce mu amsa tambayoyi uku. Me ya sa keke ke sauƙaƙa ɗaukar kaya? Ina ya kamata a aza nauyi a jikinsa? Kuma me ke faruwa a jikin mai tuƙi sa'ad da yake fama da kaya cikin rana? Sanin amsoshin kan raba mutum da faɗuwa, da asarar kaya, da kuma galabaitar da kan kai shi asibiti.

Hikimar gargare

Idan mutum na tafiya a ƙasa, kowane taku sai jikinsa ya ɗan ɗaga sama ya sauko, kuma ƙafar da ya jefa gaba sai ta ɗan tsayar da shi kafin ta baya ta sake ingiza shi. Wannan ɗagawa da tsayarwa duk tsoka ce ke biyan kuɗinsu. A kan keke kuwa sirdi ne ke riƙe da nauyin jiki, gargare na mirginawa ba tare da tsaiko ba, ƙafafu kuma aikinsu juya feda kawai. A 1973 wani malamin injiniya na Jami'ar Oxford mai suna S. S. Wilson ya wallafa lissafin da ya nuna cewa mai keke a hanya mai kyau yana kashe kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na kuzarin da mai tafiya a ƙasa ke kashewa a tazara ɗaya.

Ɗaukar kaya a ka ma yana da tasa hikima. Wani bincike da aka wallafa a 1986 a kan matan ƙabilun Luwo da Kikuyu na ƙasar Kenya ya gano cewa suna iya ɗaukar kayan da suka kai kashi 20 cikin ɗari na nauyin jikinsu ba tare da ƙarin kashe kuzari ba. Ga mace mai kilo 60 wannan kilo 12 ne kacal, kuma daga nan kowane ƙarin kilo sai jiki ya biya. Keke ya wuce wannan iyaka nesa. A yaƙin Dien Bien Phu na 1954, mutanen Biyetnam sun yi jigilar shinkafa da kayan yaƙi cikin duwatsu da kekunan da suka ƙara wa ƙarfi, kowanne ɗauke da kilo 200 ko fiye. Turawa suke yi da hannu, ba su hawa. Manomin da ya sauka yana tura kekensa a mashigin rafi wannan dabara yake amfani da ita.

Abubuwa uku da ke jan keke baya

Na farko shi ne gogayya tsakanin taya da ƙasa. Taya kan ɗan lotse a inda ta taɓa ƙasa, ƙasar ma kan ɗan lotse, wannan lotsewa kuwa tana cin kuzari. Gwargwadon nauyi da laushin ƙasa, gwargwadon cin.

Bari mu ɗauki misali. Mai tuƙi yana da nauyin kilo 60, kekensa kilo 20, kayansa rabin buhun gero mai kilo 50. Jimla kilo 130 ke nan, wato ƙarfin da ke danna ƙasa ya kai kimanin niwton 1,300. A bisa ƙiyasi, a kan kwalta mai kyau gogayyar ba ta kai kashi 1 cikin ɗari na wannan ba, a ce niwton 10. A burji takan kai kashi 2 cikin ɗari, wato niwton 26. A yashi mai laushi kuwa takan kai kashi 10 cikin ɗari ko fiye, wato niwton 130.

Idan ana tafiyar mita 3 a kowace daƙiƙa, wato kusan kilomita 11 a sa'a, sai mu ninka kowane adadi sau uku mu sami ƙarfin aikin da ake nema daga ƙafafu: wat 30 a kwalta, wat 78 a burji, wat 390 a yashi. Lafiyayyen mutum wanda ba ɗan wasan tsere ba yakan iya riƙe wat 75 zuwa 100 na sa'o'i. Saboda haka wanda ya sauka daga keke a cikin yashi ba ragwanci ya yi ba, abin da ake nema ne ya ninka ƙarfinsa sau huɗu.

Magani a nan shi ne faɗin taya. Mu dubi tafin raƙumi: yana da faɗi da taushi, yana bajewa idan ya taka, don haka nauyin kan rarrabu ba ya nutsewa. Kofaton jaki ƙarami ne mai tauri, ya fi dacewa da fako. Taya mai faɗi wadda aka ɗan rage wa iska ta yi kama da tafin raƙumi. Sai dai kada ragin ya yi yawa, domin idan ta daki dutse bakin gargare zai matse robar ciki ya huda ta wuri biyu. Ga kuma ƙayar aduwa da ta bagaruwa da tsidau, shi ya sa famfo da kayan faci ba sa rabuwa da matafiyi.

Na biyu shi ne hawa. Gangaren da ke ɗagawa mita 5 a cikin kowace mita 100, irin wanda ake samu wajen fita daga kwarin gulbi, yana ƙara kashi 5 cikin ɗari na nauyi, wato niwton 65 a misalinmu. Wannan ya ninka gogayyar burji fiye da sau biyu, kuma ƙari ne a kanta.

Na uku ita ce iska. A tafiyar kilomita 11 a sa'a cikin lumshi, turjiyarta ba ta wuce niwton 3 ko 4 ba. Amma tana ƙaruwa da ninkin-ba-ninkin: idan gudun iskar da ke dukan ƙirji ya ninka sau biyu, turjiyar kan ninka sau huɗu. Faɗin kaya ma yana ƙara ta. Wanda ya gitta damin kara a kariya ya fuskanci iskar hunturu mai busowa daga arewa maso gabas, misali a hanyar Ƙaura zuwa Zurmi, kamar ya buɗe lema ne a gaban iska.

Ɗaurin kaya da cibiyar nauyi

Kowane abu yana da wani gurbi da za a ɗauka cewa duk nauyinsa a can ya taru. Shi ake kira cibiyar nauyi. Masu jakuna sun daɗe da sanin dokarta ko da ba su kira sunanta ba: mangala takan rataya a gefe biyu, nauyi daidai wa daida, kuma ƙasa da gadon bayan jaki. Ƙa'idojin ɗaurin kaya a keke guda huɗu ne.

Ta farko, nauyi ya yi ƙasa. Kayan da aka jibga sama suna da wuyar riƙewa a lokacin tashi, da tsayawa, da kaucewa rami, domin da zarar keken ya ɗan karkata sai su rinjayi hannu.

Ta biyu, dama da hagu su daidaita. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka mai lita 25 a gefe guda kilo 25 ce ke jan keke zuwa wannan gefe. Mai tuƙi zai yi tafiyar a karkace, tsokokin bayansa da na kafaɗarsa na aikin banza.

Ta uku, kada cibiyar kaya ta wuce ƙarfen tsakiyar ƙafar baya. A nan keke yakan zama tamkar sikeli mai hannu biyu. Tazarar da ke tsakanin ƙafafun kekenmu na gargajiya ta kai kimanin santimita 110. Ba tare da kaya ba, a ce ƙafar gaba na ɗauke da kilo 30, ta baya kilo 50. Idan aka aza buhu mai kilo 50 cibiyarsa ta zarce ƙarfen baya da santimita 20, sai mu ninka 50 da 20 mu raba da 110, mu sami kusan kilo 9. Wannan shi ne abin da aka sauke daga ƙafar gaba. Yanzu tana ɗauke da kilo 21, ta baya kuwa kilo 109. Kan keke zai yi sakayau ya riƙa rawa, a hawa ma yakan ɗaga, wayoyin ƙafar baya kuma su fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Matso da buhun ya manne da gindin sirdi kan kawar da mafi yawan wannan matsala.

Ta huɗu, kaya su zama jiki ɗaya da keke. Duk abin da ke motsi yana sauya cibiyar nauyi ba zato. Jarkar da aka cika rabi ta fi cikakkiya haɗari, saboda ruwan kan kwarara gefe ɗaya a kwana. Robar da ake yankowa daga tsohuwar robar taya ta fi igiya riƙo, domin tana ci gaba da matse kaya ko da sun nitsa, amma a kiyaye ido lokacin jan ta, kuma kada a bar bakinta na lilo kusa da wayoyin ƙafa.

Sai batun birki. Kilo 130 na ɗauke da kuzarin motsi da ya fi na kilo 80 da fiye da kashi 60 cikin ɗari, kuma robar birki ɗaya ce za ta kashe shi, saboda haka tazarar tsayawa kan ƙaru da kusan wannan gwargwado. Idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar kan ninka sau huɗu. Bayan an ratsa ruwa kuwa, birki ba ya kama jiƙaƙƙen gargaren ƙarfe sai ya bushe.

Masu yawon duniya da keke

A Turai da Amurka akwai masu tafiyar kwanaki a kan keke ta hanyoyin daji, ɗauke da shimfiɗa da guzuri. Abin ya daɗe: a 1897 wata rundunar sojojin Amurka baƙaƙen fata ta tuƙa kekuna masu kaya daga Missoula zuwa St. Louis, kusan kilomita 3,000 cikin kwana 41. A yau kamfanoni na ƙera keke na musamman domin irin wannan tafiya, wanda za mu iya kira keken burji. Faɗin tayarsa kan kama daga milimita 35 zuwa 50. Tayar tsohon kekenmu mai inci 28 faɗinta kusan milimita 40 ne, wato tana cikin wannan aji.

Yadda suke rarraba kaya ya bi ƙa'idojin da muka ambata. Abubuwa masu nauyi, kamar ruwa da kayan gyara, suna shiga jakar da aka ɗinka daidai da sararin nan mai kusurwa uku da ke tsakiyar keke, domin nan ne ƙasa kuma nan ne tsakiya. Masu girma marasa nauyi, kamar bargo, a kan kan keke ko bayan sirdi. Mai kai gero kasuwa ba zai iya rage kayansa kamar su ba, amma zai iya rataya wani sashe a sandar tsakiya ya sauƙaƙa wa ƙafar baya. Ya kamata kuma a san cewa kowace kariya tana da iyaka. Keken Buffalo da ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, ke rarrabawa a ƙauyukan Afirka an ƙera kariyarsa ne domin kilo 100. Siririyar kariyar keken ɗan makaranta ba ta kusa da haka.

Injin keke shi ne jikin mutum

Tsoka na samun kuzari ne ta hanyar ƙona sukarin jiki da kitse da taimakon iskar oksijin da jini ke kawowa. Zaruruwan tsoka iri biyu ne. Akwai masu jinkiri, waɗanda ke da yalwar hanyoyin jini, suna aiki sa'o'i ba su gaji ba. Akwai kuma masu sauri, masu ƙarfi amma masu saurin gajiya. Idan feda ta yi nauyi har sai an miƙe tsaye an danna ta, masu saurin ne ke shigowa aiki, nan da nan sai cinya ta ɗauki zafi.

Kekenmu na gargajiya giya ɗaya gare shi. Idan babban faifan sarƙa na da haƙora 44, ƙaramin na baya 18, kowane zagayen feda kan kai keke kimanin mita 5.4. A gudun misalinmu, zagaye 33 ke nan a minti, alhali ƙafa ta fi jin daɗin zagaye 60 zuwa 80 marasa nauyi. Idan mai gyaran keke ya sa faifan baya mai haƙora 22, nauyin feda zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Tsayin sirdi ma abin dubawa ne: idan feda na ƙasa, gwiwa ta kusa miƙewa, da ɗan lanƙwasa kaɗan. Sirdin da ya yi ƙasa yana ɓata ƙarfi, yana kuma jawo ciwon gwiwa.

Yanzu mu lissafa kuɗin tafiyar kilomita 20 a burji. Gogayya da iska sun haɗu sun ba da niwton 30. Idan muka ninka da mita 20,000 za mu sami kilojul 600. To, amma tsoka kashi ɗaya cikin huɗu kawai na kuzarin abinci take mayarwa motsi. Saboda haka jiki zai ƙona kilojul 2,400, wato kimanin kilokalori 575. Giram 100 na gero na ɗauke da kimanin kilokalori 360. Ashe da kuzarin gero giram 160 za a kai gero kilo 50 tafiyar kilomita 20. Furar da mai keke ya dama kafin ya fita ita ce man injinsa.

Zafi, gumi da ruwa

Ina sauran kilojul 1,800 suka tafi? Sun zama zafi a cikin jiki, kuma dole a fitar da shi, domin jiki na son zama a kusan digiri 37. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana a arewacin Zamfara kan haura digiri 40, iskar waje ta fi fata zafi, don haka hanya ɗaya ta rage, wato bushewar gumi. Lita ɗaya ta gumi idan ta bushe a kan fata takan tafi da kimanin kilojul 2,400. Zafin aikin nan kaɗai na bukatar kashi uku cikin huɗu na lita, ban da wanda rana ke ƙarawa, ban da gumin da ya ɗiga ƙasa bai sanyaya komai ba. Shi ya sa mai aiki a rana kan zubar da lita ɗaya ko fiye a sa'a guda.

Ruwan gumi daga jini yake fitowa. Idan ya ragu, zuciya kan ƙara bugawa domin ta wadatar da tsoka da fata a lokaci ɗaya. Rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki, wato lita 1.2 ga mai kilo 60, ya isa ya rage ƙarfi da natsuwa. Alamun farko su ne ƙishi, ciwon kai, jiri, murɗewar tsoka, da fitsari kaɗan mai duhu. Wanda ya ji haka ya nemi inuwa, ya sha ruwa kaɗan-kaɗan. Ana iya haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, duka a shafe. Idan kuwa mutum ya fara ruɗewa, ko sambatu, ko ya suma jikinsa rau da zafi, to rai ne ke cikin haɗari. A kwance masa tufafi, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti, kuma kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. Masu cutar sikila su fi kowa kiyayewa, domin ƙarancin ruwa na tayar musu da ciwo. Yawan barin jiki cikin ƙishi kuma yana wahalar da ƙoda.

A kimiyyance sammako ya fi, musamman ga mai azumi. Sai dai halin tsaron da yankin ya shiga tun fiye da shekara 10 da suka wuce ya sa lokacin fita ba zafin rana kaɗai ke yanke shi ba. A bi shawarar manya da masu sanin hanya, a tafi cikin ayari, kuma a bar tafiyar dare.

Gwaje-gwaje domin aji

Malamai na iya gudanar da waɗannan a cikin harabar makaranta.

1. A ɗaura sikelin rataya a gaban keke mai kaya, ɗalibi ɗaya ya zauna a kai, biyu su tallafe shi a hankali, wani ya ja. A rubuta abin da sikelin ya nuna a daɓen siminti, da tsakuwa, da yashi. Kowane kilo ɗaya a sikelin daidai yake da niwton 10. A rage iskar taya a maimaita a yashi.

2. A aza ƙafar gaba a kan sikelin awon mutum, ta baya a kan katako mai tsayi ɗaya da shi. A riƙa matsar da buhun yashi gaba da baya a kan kariya ana karanta sikelin.

3. Ɗalibi mai lafiya ya ƙirga bugun jijiyar hannunsa na minti ɗaya yana zaune, sannan bayan zagaya fili ba kaya, sannan da kaya. A yi wannan da safe, ruwan sha na kusa.

Tambayoyi: (a) Idan aka mayar da kayan misalinmu kilo 80, wat nawa za a nema a burji a gudun mita 3 a daƙiƙa? (b) Me ya sa gumin da ya ɗiga ƙasa ba ya sanyaya jiki? (c) Bayyana kamancin da ke tsakanin mangala da ɗaurin jarkoki a keke.

Kammalawa

Mun ga cewa keke na sauƙaƙa ɗaukar kaya saboda gargare ya ɗauke wa tsoka aikin ɗaga jiki da kaya a kowane taku. Cewa nauyi ya kamata ya yi ƙasa, ya daidaita, ya matso tsakiya, ya ɗauru. Kuma cewa kashi uku cikin huɗu na wahalar mai tuƙi zafi ne wanda ruwa kaɗai ke fitarwa. Muna fata ɗalibai za su gwada waɗannan lissafe-lissafe a kan kekunan gidajensu, su kuma zauna da masu jakuna da masu gyaran keke na garuruwansu su ji abin da gogewa ta koya musu, sannan su aiko wa wannan mujalla da sakamakon da suka samu. Allah Ya kiyaye hanya.